Jagorar Ziyartar Takayama, Garin Tsaunukan Japan, a Lokacin Kaka

Takayama gari ne da ke jihar Gifu, a yankin Hida, a tsakiyar babban tsibirin Japan, kuma tsaunuka ne suka kewaye shi ta kowace fuska. Tsohuwar unguwarsa ta gidajen katako, da kasuwanninsa na safe, da bikinsa na watan Oktoba, su ne suka sa baƙi ke tururuwa zuwa can, musamman a lokacin kaka, sa'ad da ganyayen itatuwa ke rikiɗa daga kore zuwa ja da rawaya kafin su zube. Yawancin masu zuwa sukan iso da hantsi a cikin motocin yawon buɗe ido, su zaga titi ɗaya ko biyu cikin cunkoso, su juya kafin la'asar. Wannan jagora an rubuta ta ne domin wanda yake son ya kwana, domin a ganina wanda bai yi aƙalla kwana biyu a garin ba, bai ga safiyarsa da maraicensa ba, ya kashe kuɗin tafiya mai nisa a kan kallon bayan mutane.

Zaɓen lokaci

Mataki na farko, wanda duk sauran suka rataya a kansa, shi ne tsai da ranakun tafiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin suna zaton bikin kaka da jan ganye suna faɗowa a mako guda. Bikin kaka na Takayama, wanda ake kira Hachiman Matsuri, ana yin sa ne a ranakun 9 da 10 ga Oktoba kowace shekara, kuma a wannan lokaci itatuwan cikin gari suna nan kore shar. Launin ganye yana farawa ne daga kan tsaunuka, inda sanyi ke riga sauka, sannan ya gangaro a hankali. Wurare masu tsayi irin su Kamikochi da Shinhotaka sukan kai ƙololuwar kyau a tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa, shi kuwa garin, wanda yake kan tsayin kimanin mita 570 daga teku, sai ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Dalili kuwa shi ne itace ba ya janye koren sinadarin ganyensa sai dare ya yi sanyi sosai kuma rana ta gajarta, don haka shekarar da zafi ya daɗe launin yakan makara da mako ɗaya ko fiye.

Saboda haka dole ne ka zaɓa. Idan biki kake so, ka zo a ranar 8 ga Oktoba, ka ƙara kwana ɗaya bayan biki domin hawa tsauni ka ga ganyen da ya fara juyawa a can. Idan kuwa ganye da natsuwa kake nema, makon farko na Nuwamba ya fi dacewa, kuma shi nake ba da shawara ga wanda zai zo karon farko, domin masauki ya fi samuwa, sararin sama ya fi washewa, kuma lokacin mahaukaciyar guguwar teku, wadda kan dami Japan a Satumba da farkon Oktoba, ya kusa wucewa. Ka lura da ranakun hutun ƙasar, wato Litinin ta biyu a Oktoba, da 3 ga Nuwamba, da 23 ga Nuwamba, domin a irin waɗannan ranaku 'yan ƙasar su ma sukan fito kallon ganye, jirage su cika, farashin ɗakuna ya tashi. Kamfanonin hasashen yanayi na Japan sukan fitar da taswirar lokacin juyawar ganye tun daga Satumba, suna sabunta ta, kuma dubawa kafin a sayi tikitin jirgin ƙasa yana da amfani.

Biza, jirgi da abin da ba a shiga da shi

Mai fasfon Nijeriya, ko Nijar, ko Ghana, ko Kamaru yana buƙatar biza kafin ya tashi. Ofishin jakadancin Japan a Nijeriya yana Abuja, kuma a shafinsa na intanet ne za ka ga inda ake miƙa takardu da abin da ake nema a lokacin da kake shiri. Abin da aka saba tambaya shi ne fasfo, da hoto, da fom, da bayanin asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da kuma jadawalin zama. Wannan jadawali ka ba shi muhimmanci, domin ana so a ga inda za ka kwana kowane dare, da sunan masaukin da lambar wayarsa. Wannan yana nufin ka kama ɗaki tun kafin ka nemi biza, kuma hikima ita ce ka kama irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba. Mai son zuwa biki ya fara neman ɗaki tun wata shida kafin Oktoba, domin masaukan garin ba su kai yawan masu zuwa ba.

Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Japan, don haka za ka sauya jirgi a Addis Ababa, ko Doha, ko Dubai, ko Santambul. Agogon Japan yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa takwas, kuma wannan bambanci yana da nauyi a jiki, saboda haka kada ka sauka daga jirgin sama ka kama hanyar tsauni a rana guda. Ka kwana a Tokyo ko Nagoya tukuna.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu musamman. Dokar Japan ta hana shiga da nama da duk abin da aka yi da nama ba tare da takardar binciken hukuma ba, ko busasshe ne ko dafaffe, kuma wannan ya haɗa da kilishi da dambun nama, waɗanda matafiyanmu suka saba sakawa a jaka. Akwai karnuka masu sansano kaya a filayen jiragen, kuma hukuncin ya kai tara mai tsanani ko ɗauri. Ɗanyun 'ya'yan itace da tsirrai su ma suna ƙarƙashin bincike, don haka duk abin da ka ɗauko na ci ka bayyana shi. Haka kuma wasu magungunan mura da na kashe zafi da ake saye a kemis a wurinmu an taƙaita su a can, sai ka riƙe takardar likita ga duk maganin da kake sha kullum.

Game da sutura, ka shirya wa sanyi da gaske. Da rana a Nuwamba yanayi yana da daɗi idan akwai hasken rana, amma da asuba ma'auni yakan sauko kusa da sifili, sanyin da ya wuce na hunturun da ya fi tsanani a Kano ko Damagaram. Ka ɗauki riguna da za ka iya jerawa ɗaya kan ɗaya, da rigar sanyi mai kauri, da hula, da safa masu kyau waɗanda ba su huje ba, domin za ka cire takalmi sau da yawa a gaban mutane. Takalmin ya zama mai sauƙin cirewa kuma mai daɗin tafiya. Wutar lantarkin Japan bolt 100 ce, kuma soket ɗinta mai ƙafa biyu ne masu faɗi, saboda haka sai da adafta.

Hanyar zuwa garin

Daga Tokyo, hanya mafi sauƙi ita ce ka hau jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen, zuwa Nagoya, tafiyar kimanin awa ɗaya da minti arba'in, sannan ka sauya zuwa jirgin da ake kira Hida, wanda ke kai wa Takayama cikin kusan awa biyu da rabi. Ka kama kujera tun da wuri, kuma ka nemi ta gefen taga, domin bayan an wuce birnin Gifu layin yana bin kwazazzabon kogin Hida, ruwa kore a ƙasa, duwatsu da itatuwa masu launi a sama, har a ratsa garin Gero mai maɓulɓular ruwan zafi. Kada ka firgita idan jirgin ya bar Nagoya yana tafiya da baya, domin a Gifu yake juya akala, daga nan kujerun su fuskanci gaba. Wanda ya fito ta arewa, daga Kanazawa ko Toyama, yana iya shigowa ta Toyama cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Akwai kuma bas daga tashar Shinjuku a Tokyo, wanda ya fi araha amma yana cin kusan awa biyar da rabi.

Tikitin bai-ɗaya na baƙi, Japan Rail Pass, ya yi tsada tun daga Oktoban 2023, inda a lokacin na kwana bakwai ya koma yen 50,000, don haka ka yi lissafi kafin ka saya, domin zuwa Takayama da dawowa kawai ba zai mayar maka da kuɗinsa ba. Idan jakarka babba ce, wadda tsawonta da faɗinta da kaurinta a haɗe suka wuce santimita 160, dole ka kama kujera ta musamman a Shinkansen na wannan layi. Abin da ya fi shi ne ka ba otal ɗinka na Tokyo babbar jakar su aika maka ita zuwa masaukinka na gaba ta kamfanin kai kaya, wanda yawanci ke isarwa washegari, kai kuma ka tafi da ƙaramar jaka.

Da ka sauka, ofishin bayanai na masu yawon buɗe ido yana gaban tashar, tashar bas ta kamfanin Nohi kuma tana gefe. Ka karɓi taswira, ka sayi tikitin Shirakawa-go, ƙauyen tsofaffin gidajen jinka da ke bayan gari, nan take idan kana da niyyar zuwa, sannan ka cire tsabar kuɗi. Na'urorin cire kuɗi na kantunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katunan waje, kuma tsabar kuɗi tana da muhimmanci a nan fiye da Tokyo, domin masu sayarwa a kasuwar safe da ƙananan shaguna da yawa ita suke karɓa. Daga tasha zuwa tsohuwar unguwa tafiyar minti goma ce zuwa sha biyar a ƙafa.

Masauki

Akwai otal-otal na zamani kusa da tasha, amma dare ɗaya a masaukin gargajiya, ryokan, ya cancanci kuɗinsa. A can ana lissafin farashi ne a kan kowane mutum, kuma galibi ya haɗa da abincin dare da na safe. Za ka cire takalmi a bakin ƙofa ka sa silifa, ka cire silifar kafin ka taka tabarmar tatami, kuma akwai wata silifar daban ta banɗaki wadda ba a fitowa da ita. Ana kawo abincin dare da wuri, wajen ƙarfe shida ko bakwai, kuma makara rashin ladabi ne ga masu gidan da suka yini suna shirya shi. Duk abin da ba ka ci ka sanar da su a rubuce tun lokacin kama ɗaki, domin a ranar ba za su iya sauya komai ba.

Wurin wanka na ruwan zafi a irin waɗannan masaukai na tarayya ne, maza daban mata daban, kuma ana shiga ba tufafi. Wanda wannan bai dace da addininsa ko kunyarsa ba ya nemi ɗaki mai banɗakinsa, ko ya tambayi kashikiri, wato wurin wanka da ake kama wa mutum ɗaya ko iyali ɗaya na wani ɗan lokaci. Ko a ina ne, ƙa'idar ita ce a wanke jiki sarai a wajen kwamin kafin a shiga, kuma ba a sa sabulu ko tawul a cikin ruwan.

Ranar farko, cikin gari

Ka fito da ƙarfe bakwai. Kasuwannin safe biyu ne, ɗaya a bakin kogin Miyagawa, ɗaya a gaban ginin Jinya, tsohon ofishin gwamnati, kuma suna ci har zuwa tsakar rana. Ta gaban Jinya ta fi ƙanƙanta kuma ta fi zama ta manoma, inda tsofaffin mata ke kawo abin da gonakinsu suka bayar, kamar tuffa, da naman kaza, da sabuwar shinkafa, da furanni, da jar saiwar kabu da ake tsimawa cikin gishiri, wadda ake girbe ta a daidai wannan lokaci. Sukan ba ka ɗanɗano, kuma ba a yin ciniki, farashin da aka rubuta shi ne farashi. Ka gaishe su da ɗan sunkuyar da kai, ka ce “arigato gozaimasu” idan an ba ka kaya, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton fuskar mutum.

Daga nan ka shiga Takayama Jinya da zarar an buɗe. Labarin wannan gini shi ne labarin garin. Gidan sarautar Kanamori ne ya kafa garin a ƙarshen ƙarni na 16, ya gina ganuwa a kan tudu, ya tsara titunan 'yan kasuwa a ƙasa. A 1692 gwamnatin Tokugawa da ke Edo, wato Tokyo ta yanzu, ta ɗauke su ta mayar da yankin ƙarƙashin ikonta kai-tsaye, saboda arzikin katako da ma'adinai da ke dazuzzukan Hida, kuma daga wannan gini ne wakilanta suka riƙa karɓar haraji da yanke hukunci. An ci gaba da amfani da shi a matsayin ofishin gwamnati har 1969, kuma shi kaɗai ne irinsa da babban gininsa ya saura a duk ƙasar. Ka tsaya a rumbun shinkafar haraji, ka dubi ɗakin tuhuma mai daɓen tsakuwa, ka kuma dubi lambun ciki, inda ganyen wani itace da ake kira momiji ke yin ja. Ana yawo a ciki da safa kawai, kuma katakon yana da sanyi.

Idan ka haye jar gadar Nakabashi za ka shiga Sanmachi, titunan tsofaffin gidajen fatake masu baƙin katako da tagogi masu sanduna, da ƙananan magudanai na ruwa mai tsabta a bakin kowane gida. Kafintocin Hida sun shahara tun ƙarni na 8, lokacin da yankin ke aika maginan katako zuwa fadar Nara a madadin haraji, kuma idan kana son ganin gwanintar da suka gada, ka ƙarasa arewa zuwa gidan Kusakabe, wanda aka gina a 1879, da maƙwabcinsa gidan Yoshijima. Ka ɗaga kai ka kalli yadda aka sarƙa manyan ginshiƙan rufin, wannan shi ne abin da ya fi komai burge ni a garin, kuma yawancin baƙi ba sa ƙarasawa can. Manyan ƙwallayen ganyen itace da za ka gani a rataye a ƙofar wasu gidaje alama ce ta masana'antar giyar shinkafa, sake, don haka wanda ba ya sha ya san inda zai wuce.

Tsakar rana ita ce lokacin cunkoso a Sanmachi, kuma a lokacin ne ya kamata ka bar ta ka hau hanyar ƙafa ta Higashiyama, mai tsawon kimanin kilomita uku da rabi, wadda ke ratsa jerin haikalan Buda da wuraren bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, a gefen gabas, ta ƙare a tudun Shiroyama inda kufan ganuwar yake. A nan ne ganyen kaka ya fi yawa, mutane kuma suka fi ƙaranci. Waɗannan wuraren ibada ne da maƙabartu na mutanen unguwa, don haka ka sassauta murya, kada ka shiga inda aka gitta igiya. Dazuzzukan yankin suna da beyar, wato wani babban naman daji mai haɗari, kuma kaka ce lokacin da suke matsowa kusa da gari neman abinci, saboda haka ka bi allunan gargaɗi, kada ka ratse hanya, kada kuma ka kai magariba a tudun. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar ko kafin haka. A hanyar komawa ka biya ta haikalin Hida Kokubunji kusa da tasha, inda wani itacen icho da aka ƙiyasta ya haura shekara 1,200 yake zama rawaya gaba ɗaya wajen tsakiyar Nuwamba.

Idan ka zo biki

Bikin na wurin bautar Sakurayama Hachimangu ne, na godiya bayan girbi, kuma mai kallo yana tsayawa ne a gefe ba tare da an nemi ya shiga wata ibada ba. Ana fito da manyan kekunan katako goma sha ɗaya da ake kira yatai, masu sassaƙa da zinariya da labule masu ado, kowanne mallakar wata unguwa ce da ke kula da shi tsara bayan tsara. A kan ɗaya daga cikinsu, Hoteitai, ana wasa da 'yan tsana masu motsi waɗanda gwanaye ke sarrafawa da zare daga ɓoye, kuma sai ka kama wuri tun da awa guda kafin a fara. A daren 9 ga wata ana rataya wa kowane keke fitilun takarda kimanin ɗari a ja shi cikin duhu. Hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun gado a 2016, tare da wasu bukukuwan kekuna na ƙasar. Ka sani cewa idan aka yi ruwa ba a fito da kekunan, sai dai a buɗe ƙofofin dogayen rumbunansu a kalle su a ciki, kuma ba a ɗaga bikin zuwa wata rana. Wanda ya zo a Nuwamba zai iya ganin wasu daga cikinsu a zauren Yatai Kaikan da ke harabar wurin bautar.

Abinci da salla

Abincin yankin yana da daɗi, amma Musulmi yana buƙatar lura. Taliyar ramen ta Takayama ana ɗora mata yankan naman alade, kuma romon ma sai an tambaya. Abin da ya fi ɓuya shi ne sake da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi ta girki, waɗanda ake zubawa a miya da romo da yawa. Ka riƙe waɗannan alamu a wayarka domin duba kayan kanti, 豚 na alade, 酒 na giya, みりん na mirin. Naman shanun Hida ya yi suna a duk Japan saboda kitsen da ya ratsa tsokarsa, amma ba yankan Musulmi ba ne sai inda aka nuna shaidar halal. Garin ya yi ƙoƙari wajen karɓar baƙi Musulmi, kuma akwai gidajen abinci da ke da jerin abin da babu alade babu giya, sai ka tambayi ofishin bayanai su nuna maka su a taswira. Gasasshen kifi da gishiri, da shinkafa, da tofu, wato awara, da ƙwai, da gasasshen dankali mai zaƙi, duk suna samuwa. Hoba miso, wato markaɗen waken soya da ake gasawa a kan busasshen ganye tare da albasa da naman kaza, shi ne abincin safe na gargajiya, kuma ka tambayi abin da aka haɗa a ciki kafin ka ci. Yawancin gidajen abinci suna rufewa da wuri, don haka kada ka bar abincin dare ya wuce ƙarfe bakwai ba ka tsai da wuri ba. Ba a ba ma'aikata tukuici, kuma ba a ci ana tafiya, sai a tsaya a gaban shagon a cinye a mayar masu da takardar, domin kwandon shara yana da wuyar gani a titi.

Masallatan da aka sani a wannan shiyya suna Nagoya da birnin Gifu, saboda haka a Takayama ɗakinka ne wurin sallarka mafi tabbas. Alƙibla daga nan tana yamma ne da ɗan karkata zuwa arewa, akasin abin da muka saba, kuma tunda yini gajere ne, azahar da la'asar da magariba suna matse da juna, sai ka tsara yawonka yadda za ka biya ta masauki da rana.

Rana ta biyu, bayan gari

Shirakawa-go yana da nisan kimanin minti hamsin a bas, kuma yawancin motocin sai da kujerar da aka kama. Ƙauyen Ogimachi, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, yana da gidaje masu tsinin jinka da aka yi masu gangara sosai domin dusar ƙanƙara ta zame, an ɗaure sandunan rufin da igiya ba ƙusa, kuma a saman bene ne iyalai ke kiwon tsutsar siliki a da. Baibaye irin wannan rufi aikin gayya ne da mutanen ƙauyen suka gada. Ka hau motar farko, ka fara da tudun kallo na ƙauyen, wanda shi ma sunansa Shiroyama, kafin jama'a su taru, sannan ka shiga gidan Wada, wanda aka buɗe wa baƙi. Mutane suna zaune a sauran gidajen, don haka kada ka leƙa taga ko ka taka gona, kuma wuta ita ce babbar abin tsoronsu, shi ya sa ba a shan taba sai a wurin da aka keɓe. Wanda bai samu kujera ba ya tafi Hida no Sato, minti goma a bas daga tashar Takayama, inda aka tattaro tsofaffin gidaje sama da talatin a kewayen wani tafki.

Mai son tsauni a Oktoba ya hau bas zuwa Hirayu Onsen, tafiyar kusan awa ɗaya, ya sauya zuwa Kamikochi, kwari mai tsayin mita 1,500 da ba a barin motocin gida su shiga, kuma ana rufe shi a 15 ga Nuwamba. Ko kuma ya wuce Shinhotaka, inda keken igiya mai hawa biyu ke kai mutane tsayin mita 2,156. Duka biyun sai ranar da gari ya washe, kuma ka rubuta lokacin motar ƙarshe ta dawowa. Idan gajiya ta kama ka, garin Hida-Furukawa yana minti goma sha biyar a jirgin ƙasa, ga fararen rumbuna a bakin magudanar ruwa cike da kifin koi, wanda ake kwashewa zuwa wani tafki idan sanyi ya matso a ƙarshen Nuwamba.

Duk inda za ka, fasfonka ya kasance a jikinka, domin doka ta wajabta wa baƙo riƙe shi, kuma da shi ne ake samun rangwamen haraji a shagunan da ke da alamar hakan. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da kashe gobara 119, kuma inshorar tafiya wajibi ce a wurina, domin kuɗin asibiti ga baƙo yana da yawa. Tsarabar da ta dace ita ce aikin hannun garin, wato sassaƙen itacen ichii, da akussan shunkei masu sheƙi da ke nuna zanen katakon, da jar 'yar tsana marar fuska da ake kira sarubobo. Wajen komawa kuma, kada ka sa ranar barin Takayama ta zama ranar tashin jirginka na sama, domin layin dogon yana bin kwazazzabo, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan sa a dakatar da jirage na wasu awoyi ko na yini. Ka sauko Nagoya ko Tokyo da kwana ɗaya a hannu, ka tabbatar babbar jakarka ta riga ka isa masaukin.